Yadda Mukaddashin Gwamna Pettibone Ya Ci Tsibirin Dorcas da Yaƙi

Mijin yayata, Elkanah Pettibone, bai taɓa yin ƙaramin abu ba a rayuwarsa, in dai daga bakinsa ka ji labarin. In ya kama kifi, sai da ƙato biyu suka taya shi ja. In ya yi mura, likita bai taɓa ganin irinta ba. A yaƙin da muka yi da sojojin Sarkin Ingila kuwa, shi kaɗai ya tare wata gada da takobi har rana ta faɗi. Mu mutanen garin Tolliver mun san keken naman alade yake tuƙawa a bayan runduna, mun kuma san ranar da aka fara harbi alfadarinsa ya juyo da shi gida bai tsaya ko shan ruwa ba. Amma ba mu cika musa masa ba, don wanda ya musa wa Elkanah da safe, to ya haƙura da aikin ranar.

Zamansa ɗan majalisa ma ikon Allah ne. Ranar zaɓe aka tashi da dusar ƙanƙara har gwiwa, ba wanda ya iya zuwa ɗakin taro sai na kusa da shi, su kuwa rabinsu dangin Pettibone ne, sauran rabin sun sha giyar tuffarsa kyauta. Haka ya tafi babban birnin jiha a matsayin wakilinmu.

Can ma bai sauya hali ba. In aka kawo dokar hana aladu yawo a kan titi, sai Elkanah ya miƙe ya faro daga jirgin Annabi Nuhu, kafin ya iso kan aladun garinmu rabin majalisa na minshari. Jam'iyyu biyun da ke cikin majalisar ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, amma a kan Elkanah bakinsu ya zo ɗaya. Suka zaɓe shi Shugaban Majalisar Dattawa, domin a ƙa'ida shugaba ba ya muhawara, guduma kawai yake bugawa. Ya aiko mana cewa manyan jiha sun gane hazaƙarsa.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, jiharmu ba ta da mataimakin gwamna. Tsarin mulki ya ce duk lokacin da gwamna ya fita daga iyakar jiha, Shugaban Majalisar Dattawa ke riƙe kujerar har ya dawo. Sai ga shi da farkon bazara tari ya kama Gwamna Hapgood, likitoci suka ce lallai ya tafi wata maɓuɓɓugar ruwan zafi can kudu ya huta. Kafin ya tafi ya aika sakatarensa ya gaya wa Elkanah magana ɗaya: ya zauna a kujerar, kada ya taɓa komai.

Lokacin yankan ciyawa ne. Duk garin muna gona, mun yanke mun shanya, muna jiran ta bushe mu kwashe. Wanda ciyawarsa ta jiƙe ta ruɓe, to ya shirya yanka shanunsa kafin hunturu ya raba. Ina gonar yayata Mehitabel ina taya ta, don mijinta na birni, sai ga keken dokin gwamna mai tambarin jiha ya tsaya a ƙofar gida. Elkanah ya sauko yana gyara tabarau.

"Mehitabel! Fito ki gai da Gwamna."

Ta fito hannunta duk ƙullin burodi, ta leƙa bayansa. "Ina yake?"

"Ga ni a gabanki."

"Au, mukaddashi. Goge ƙafarka kafin ka shigo, Mista Pettibone, yanzu na wanke katakon daɓen."

"Daga yau na hana faɗin kalmar nan a gidan nan."

"Wacce? Goge?"

"Mukaddashi!"

"To ai riƙon ƙwarya aka ba ka. Riƙo aka ce ka yi, ba sha ba."

A kan abincin rana, wake da naman alade da burodin masara, ya buɗe mana shirinsa. Ya ce gwamnan da bai yi yaƙi ba, wa zai tuna da shi? Hapgood ya tsufa a kujera, ban da cike ramukan hanya me ya yi? Shi kuwa ba zai bar tarihi ya wuce shi yana zaune yana buga hatimi ba.

"Da wa za ka yi yaƙin?" in ji ni.

"Lemuel, kai matsalarka ba ka hangen nesa. Tsibiri!"

Tsibirin da yake nufi wani ɗan tudu ne a tsakiyar kogin da ya raba mu da jihar maƙwabta. Tun da aka shata iyaka jihohin biyu ke cewa nasu ne, lauyoyi sun yi furfura a kansa, amma ba wanda ya damu ya je. Mutum ɗaya ke zaune a can, Dorcas Tilbury, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gonar wake da garken talotalo. In mai karɓar harajinmu ya je, ta ce ita 'yar waccan jihar ce. In nasu ya je, ta ce ita tamu ce. Haka take zaune lafiya, kowa ma lafiya.

Yaya ta ajiye cokali. "Za ka yaƙi Dorcas?"

"Zan 'yantar da ita."

"Daga me?"

"Daga rashin gwamnati."

"Allah ya ba ka sa'a. Ni na ga yadda ta yi da mai karɓar haraji."

Washegari da sassafe ya tafi wajen Kyaftin Jabez Wadleigh, shugaban 'yan sa-kai na garinmu. Shi Jabez ya yi yaƙin gaske, ƙarar igwa ce ma ta toshe masa kunne.

"Kyaftin, tara runduna! Yau za mu ci tsibiri!"

"Na gode, na riga na ci."

"Tsibiri! Yaƙi!"

"Wa ya ƙi?"

Sai da Elkanah ya kama kunnensa ya yi ihu a ciki sannan tsohon ya gane. Ya dubi sama, ya dubi Elkanah, ya ce umarnin gwamna umarni ne, ya sa aka buga ganga. Doka ta ce duk namijin da ya ƙi amsa kiran gwamna za a gurfanar da shi, don haka muka bar ciyawa a shanye muka taru a filin coci. Wasu da bindigogin da rabonsu da albarushi tun zamanin Sarkin Ingila, wasu da lauje, mafi yawa da manjagarar da aka kira su suna riƙe da ita. Ni aka ba tuta, saboda surukuta.

Hosea Bixby, manomin da bakinsa ba ya da linzami, ya nuna gabas. "Elkanah, dubi can. Hadari ne fa ke haɗuwa."

"Ka ce Mai Girma."

"Mai Girma, dubi can. Har yanzu hadarin na nan."

"Jarumi ba ya kallon sama, Hosea."

"Jarumin ba shi da shanu ke nan."

Elkanah ya sha ado. Ya taho da rigar bikin Gwamna Hapgood daga birni, shuɗiya mai maɓallan zinariya. Sai dai Hapgood siriri ne kamar karan dawa, Elkanah kuwa ganga ce ta giyar tuffa. Maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya shiga, shi ma kana ganinsa ka san a kan dole yake. Ya ɗaura jan ƙyalle a ƙugu, ya rataya takobi. Dawakan keken gwamna ba su saba da sirdi ba, sai ya hau tsohon dokinsa, wanda tunda aka haife shi ba shi da aiki sai juya dutsen matsar tuffa.

Ana buga ganga, doki ya ɗauka lokacin aiki ya yi. Ya sunkuyar da kai ya fara zagaye a wuri ɗaya.

"Ya ku jarumawan Tolliver!" in ji Elkanah, sai doki ya juya da shi, sauran maganar ta tafi ga bangon coci. Da ya zagayo muka ji, "...jinin kakanninmu!" Ya sake wucewa.

"Me ya ce?" in ji Jabez.

"Dakata ya zagayo, Kyaftin," in ji Hosea. "Ni ma gutsattsari nake samu."

Haka ya yi jawabin nan kaf, rabi mu, rabi bango. Matan gari sun fito sun jeru a inuwa da saƙarsu, wasu na share hawaye, ba na tausayi ba. Da ya sauka jiri na ɗibarsa, ya ce ba a taɓa yin jawabin da ya kewaye kowane ɓangare na al'umma kamar wannan ba.

Sai ya ce a buga igwa don abokan gaba su ji su firgita. Igwar tana girke a filin tun ƙarshen yaƙi, yara na hawa. Elkanah ya karɓi sandar ɗura da kansa, wai don ya nuna mana yadda ya yi a gadar nan tasa, ya zura ta ciki da ƙarfi. Ashe rina sun yi gida a ciki. Kafin ka ce me, rundunar jiha ta yi janyewarta ta farko, wasu cikin coci, wasu bayan siket ɗin matansu. Elkanah da rigarsa ta hana shi gudu, shi suka samu. Da abin ya lafa idonsa na hagu ya kumbura ya rufe kamar tuffar da ta nuna.

"An fara zubar da jini," ya ce, yana lalube. "Ku shaida, ni na fara jin rauni."

Bai haƙura ba, sai da aka ɗura aka kunna. Igwar ta yi tsalle da baya, harsashin ya tashi sama ya tafi da zakaran ƙarfen da ke kan hasumiyar coci. Fasto ya fito da gudu, alƙalami a hannu.

"Ɗan'uwa Pettibone, da wa ake yaƙin? In da Ubangiji ne, ka faɗa min in fita daga gidansa."

"Gargaɗi ne, Fasto."

"Zakaran dai ya ji."

Muka ɗaura igwa a bayan shanun huɗa muka nufi kogi, duk garin na biye da mu, har da masu kwandon abinci. A bakin ruwa akwai jirgin fito, faffaɗan katako da ake turawa da gora. Elkanah ya ce a loda igwa, a loda albarushi, a loda mutane iya yadda za su tsaya. Muka shiga muka cunkushe, ruwa na lasar bakin jirgin. Mun yi nisa muna tafiya a hankali, ba mai ko tari, sai ya hango mutanen waccan jihar sun taru a nasu gaɓar suna kallo. Nan fa ya ga bai kamata janar ya tsaya a tsakiya kamar buhu ba. Ya ture mutane ya isa gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan igwa, ya zare takobi ya nuna tsibiri.

Jirgin ya sunkuya kamar mai gaisuwa. Igwar ta gangara ta shige ruwa, Elkanah ya bi ta, mu kuma muka bi Elkanah.

Allah ya taimaka ruwan wurin iya ƙirji ne, sauran duk taɓo. Muka miƙe muna tofar da laka. Igwa ta tafi, albarushi ya zama kunu. Da aka jawo Elkanah, rigar gwamna ta tsage daga wuya har ƙugu, maɓallin nan ɗaya ya samu 'yancinsa, tabarau kuma sun bi igwa. Mutanen waccan gaɓa har da masu birgima don dariya. Wani ya haɗa hannu a baki ya yi kira, "Maƙwabta! Ku kawo igiya ne, ko mu kawo?"

"Kun ji?" in ji Elkanah. "Tun ba mu isa ba sun fara neman sulhu."

Da ƙafa muka ƙarasa. Ya ce a yi sahu a kai farmaki, alhali ga ƙofar shinge a buɗe. Muka bi ta kan shingen muka kwantar da shi, muka ratsa gonar wake muka tattake. Abin da ba mu lissafa ba shi ne shingen nan ne ke tsare talotalo. Suka fito garke guda, babban namijinsu a gaba, ya baza wutsiya, wuyansa ya yi jawur. Ya dubi runduna duka, ya zaɓi mai jan ƙyalle.

Ban taɓa sanin Elkanah na da gudu haka ba. Takobi ya shiga tsakanin ƙafafunsa, ya faɗi, ya tashi, talotalo na saran bayansa ta inda rigar ta tsage. Ya zagaya rijiya, ya zagaya ɗakin aladu, daga ƙarshe ya haye tarin itacen girki ya tsaya a sama yana haki.

"Ku riƙe sahu!" yake ihu. "Na jawo hankalinsu, ku kewaye su!"

Sai ga Dorcas Tilbury ta fito daga bayan gida, inda take dafa sabulu, da doguwar muciya tana tururi. Ta dubi shinge, ta dubi wake, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Mu kusan duka ta san iyayenmu.

"Hosea Bixby, har da kai? Lemuel Sprague, me kake yi da tsumma a kan sanda? Wane mahaukacin ne ya kawo ku?"

Duk muka dubi tarin itace.

"Misis Tilbury," in ji Elkanah daga sama, "ki kwantar da hankalinki. Gwamnati ta iso."

"Gwamnati ce wannan a kan itacena? To gwamnati ta sauko, kafin in sauko da ita."

"Ki fara janye dakarunki."

Ta kora talotalon da gefen siket, ya sauko yana gyara abin da ya rage na riga. Sai ya hango wani abu da ɗayan idonsa. A gindin bishiya, bakin ruwa, wani tsoho na zaune a kan kututture, ba takalmi, da malafa a ka, gemu fari ya tsiro masa ba tsari, bakinsa ya lotsa don ba haƙora. Ɓarar wake yake yi a cikin akushi, tunda aka fara abin nan ko motsi bai yi ba.

"Wane ne wancan?"

"Baƙona ne," in ji Dorcas. "Ka bar shi, ba shi da lafiya."

"Baƙo a fagen fama? Ɗan leƙen asiri ne! Ku kama shi!"

Muka matsa ba da son ranmu ba. Kyaftin Jabez na zuwa kusa ya tsaya cak, ya haɗa dugadugai, ya sara. "Barka da hutawa, Mai Girma."

"Ba hutawa nake ba, Kyaftin," in ji Elkanah. "Aiki nake. Ɗaure shi."

"Mai Girma ya rame," in ji Jabez.

"Wahalar mulki ce. Na ce a ɗaure shi!"

Jabez bai motsa ba, sai Elkanah ya kwance jan ƙyallensa ya ɗaure hannun tsohon da kansa. Tsohon ya miƙa hannu ba gardama, ya ce cikin muryar marar haƙora, "Ranka ya daɗe, hannun wa na faɗa?"

"Hannun Gwamnan jiha."

"Ikon Allah. Na ɗauka wani Hapgood ne gwamna."

"Hapgood!" Elkanah ya yi dariya, ya juyo don kowa ya ji. Lokacin mutanen garinmu sun fara isowa cikin kwalekwale, Yaya na cikin na gaba. "Hapgood suna ne kawai. Gashin aro ne da haƙoran aro aka ɗora wa sanda. Duk abin kirkin da ka ji an yi a jihar nan, ni na raɗa masa a kunne. Ko atishawa zai yi sai ya aiko a tambaye ni."

"Ashe kun shaƙu."

"Kamar wa da ƙane. Yakan ce, Elkanah, ba don kai ba da na koma kiwon kaji."

"Allah sarki. To yanzu me za a yi da tsibirin?"

"Yanzu za ka gani. Lemuel, kafa tuta!"

Na soka sandar a cikin waken Dorcas. Elkanah ya hau kututture ya ɗaga takobi, laka na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya shelanta cewa da ikon da tsarin mulki ya ba shi, daga wannan lokaci tsibirin nan, da ƙasarsa da ruwansa da talotalonsa, ya shiga cikin jiharmu har abada.

"Har nan inda nake zaune?" in ji tsohon.

"Har ƙasan da ke ƙarƙashin kututturenka."

"Ba ja da baya?"

"Ga shaidu, gari guda."

"To madalla. Dorcas, taimaka ki miƙo min haƙorana da gashina, suna kan taga."

Ta shiga ta fito da su. Ta cire masa malafa ta ɗora farin gashin aro, ta sa masa haƙora a baki tunda hannunsa a ɗaure yake. Fuskar nan da ta lotsa ta cika. Tsohon ya miƙe tsaye, sai ga mutumin da hotonsa ke rataye a ɗakin taronmu. Huluna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Elkanah ya matsa kusa, ya buɗe kumburarren idon da yatsa, ya duba da kyau.

"Ai tun ɗazu nake gaishe shi," in ji Jabez.

"Mista Pettibone," in ji Gwamna Hapgood, yanzu muryarsa tar, "ruwan zafin nan warin ruɓaɓɓen ƙwai yake, kuma duk wanda ya shiga wanka kusa da ni muƙami yake nema. Sai na gudo wajen ƙanwar marigayiya matata, don nan ba jiharmu ba ce, ba kuma ta kowa ba. Muddin ina nan, ina wajen iyaka, kai ne mai riƙo. Yanzu kuwa ka shigo da ni gida da bakinka, a gaban shaidu gari guda. Ka san abin da tsarin mulki ya ce?"

Hosea ya riga shi. "Ya ci tsibiri, tsibiri ya ci kujerarsa!"

Dariyar da aka yi har mutanen waccan gaɓa suka taya mu, ba su ma san dalili ba. Elkanah ya shiga kwance ƙyallen, da ƙyar ƙullin ya saki.

"Mai Girma, ai na gane ka tun daga nesa. Gwada tsaron lafiyarka nake yi."

"Da maganar sanda da gashin aro?"

"Don in ruɗa abokan gaba ne."

"Rigar da ke jikinka fa? Kamar na san ta."

"Na kawo maka ita ne, ko za ka buƙata."

"Rabi ka kawo. Ina sauran?"

Kafin ya amsa aka yi tsawa, iska mai sanyi ta taso daga gabas. Dariya ta ɗauke. Kowa ya tuna abin da ya bari a shanye. Gwamna ya dubi sama ya dubi manjagarar da ke hannunmu, ya gane komai.

"Kyaftin Wadleigh, an sallami runduna. Kowa ya ruga gonarsa. Tsibiri kuma na soke cinsa, ya koma yadda yake, ba namu ba, ba nasu ba. Cire tutar nan."

Ina cire ta, sai na ga fuskar Elkanah ta washe.

"Mai Girma, in tsibiri ya fita daga jiha, kai ma ka fita ke nan. Ashe na koma kujera!"

Gwamna ya juyo. Ya dubi Elkanah, ya dubi Dorcas, ya dubi akushin wakensa da kututturensa mai inuwa, kamar mai bankwana da masoyi.

"Dorcas, takalmana. Maza."

"Tarin fa?"

"Ya warke. Abin da likitoci suka kasa, tsoro ya yi."

Bai ko tsaya ɗaura igiyar takalmin ba, ya faɗa kwalekwalen farko ya ce a tuƙa kafin mutumin nan ya shelanta wani yaƙin. Muka yi ta tsalle cikin sauran. Elkanah ya ɗaga ƙafa zai shiga, muciya ta tare masa ƙirji.

"Ina zuwa? Shingena da wakena fa? Ba inda za ka sai ka mayar da kowane turke inda ka same shi."

"Misis Tilbury, ni Shugaban Majalisar Dattawa ne!"

"Na ji an ce ka iya buga guduma. Ga ta can, ga ƙusa."

Ya juya ga Yaya, wadda ke zaune a kwalekwale ta naɗe hannu. "Mehitabel, ki yi magana mana!"

"Dorcas!" in ji Yaya. "Ba ya cin albasa, kuma kada ki yi sauri, ki bari ya yi aikin da kyau."

Muka isa gona ruwa na fara sauka. Maza da mata da Fasto, har Gwamna da gashin aronsa a aljihu, muka yi ta kwasa. Mun tsirar da wajen rabi, sauran ta ruɓe a ƙasa. Hunturun nan shanu da yawa sun shiga tukunya kafin lokacinsu, kuma duk gidan da aka ci naman, an ambaci sunan Elkanah, ba da addu'a ba.

Shi kuwa yana can tsibiri. Da yake an daɗe da hana shi magana a majalisa, sai ya samu Dorcas. In ya kafa turke ɗaya, sai ya jingina da shi ya ba ta tarihin shinge tun daga gonar Adamu. Ta ce ya bar aikin ya tafi, ta yafe. Ya ce sam, janar ba ya barin ƙasar da ya ci sai ya kafa mata tsari. Ta ɓoye gudumar, ya ci gaba da jawabi ba guduma. Talotalon ma suka koma can ƙarshen tsibiri da kwana.

Matar nan da ta gagari masu harajin jihohi biyu tun muna samari, wata safiya ta shiga kwalekwalenta ta haye waccan gaɓa, ta sami alƙalinsu ta ce ita tasu ce, tsibirinta nasu ne, za ta biya duk abin da doka ta ce, da sharaɗi ɗaya: akwai wani baƙo daga wata jiha da ya shige mata gona ba izini, a zo a fitar da shi. Gwamna Hapgood da aka kai masa labari bai ja ba ko kaɗan, ya sa hannu ya ce su riƙe.

'Yan doka biyu na waccan jihar suka kawo Elkanah gaɓarmu suka ajiye. Muna tsaye a bakin ruwa, Hosea ya ce, "Sannu da zuwa, mai cin ƙasa. Ka tafi cin tsibiri, ka ba da shi kyauta."

Elkanah ya karkaɗe hula, ya dube mu da tausayi irin na mai ilimi a cikin jahilai.

"Rikicin iyakar nan tun kafin a haifi wasunku ake yinsa. Lauyoyi sun kasa, gwamnoni sun kasa, majalisu biyu sun kasa. Ni na je sau ɗaya, ko mutum ɗaya bai mutu ba, yau ga shi an san na waye. Ku nuna min wanda ya taɓa yin haka."

Hosea ya laluba tarihin jiha kaf, bai samu ko mutum ɗaya ba. Ni ma na laluba. Abin da ya fi ci mana rai har yau shi ne, a duk maganganun da Elkanah Pettibone ya yi a duniya, wannan ɗaya dai ba ƙarya ba ce.